Kama da wane ba ta wane: yanda matar attajiri ta ɗauki ɗan gararamba a matsayin mijinta a fim ɗin Chaplin na 1921

Akwai wani sin da bai fi minti ɗaya ba, amma duk wanda na miƙa wa waya na ce kalli nan sai ya faɗa tarkon. Wani attajiri ne a ɗakin otal, matarsa ta aiko masa da 'yar takarda cewa ita fa ta koma wani ɗaki daban, kuma ba za ta dawo ba sai ranar da ya daina shan giya. Ya karanta, ya ɗauki hotonta ya ƙura masa ido, ya ajiye, sai ya juya mana baya. Can sai ka ga kafaɗunsa sun fara rawa, da farko a hankali, daga baya da ƙarfi, irin kukan nan na babban mutum da ba ya so a ga hawayensa. Har ka fara cewa Allah sarki, ashe dai yana sonta. Sai ya juyo. Ashe gwangwanin haɗa giya ne a hannunsa yake ta girgizawa, fuskar nan ko alamar damuwa babu, ya tsiyaya a kofi ya kurɓi abinsa.

Sunan fim ɗin The Idle Class, ma'ana dai ajin 'yan zaman kashe wando, na Charlie Chaplin ne, ya fito a Amurka a watan Satumba na 1921, tsawonsa wajen rabin awa, babu magana ko ɗaya a ciki sai ɗan rubutun da ake sakawa a allo jefi-jefi. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, kuma shi ya fito a mutum biyu, attajirin nan mashayi da kuma ɗan gararambar da duniya ta san shi da shi, mai buhun wando da matsattsiyar kwat da 'yar ƙaramar hula da zungura-zunguran takalma da sanda. Edna Purviance ce matar, Mack Swain, wani ƙaton mutum mai tumbi, shi ne babanta. Kuma ku tuna tun watan Janairun 1920 aka haramta sayar da giya a Amurka baki ɗaya, to kun ga ɗan kallo na lokacin in ya ga attajiri yana haɗa giyarsa hankali kwance ya san me ake nufi, dokar ta talaka ce, mai kuɗi yana da tasa a ɗaki.

Na fara da sin ɗin gwangwani ne don shi ne mabuɗin fim ɗin. Kafin Chaplin ya nuna mana mace ta kasa gane mijinta, sai da ya fara sa mu mu da kanmu muka yi kuskuren, muka ga bayan mutum muka yanke hukunci. Daga nan ba ka da bakin yi wa Edna dariya.

To me ya sa finafinan da ba su da magana suke son wannan labari na a ɗauki wani a matsayin wani, har kamar ba su da wani labarin? Mutane da yawa za su ce ai ƙarancin basira ne, abu ne mai sauƙin ba da dariya. Ni ban yarda ba. Yanayin sana'ar ne ya tura su can. Naɗin fim ɗaya a lokacin ƙafa 1000 ne, yana cin minti 10 zuwa 15, ya danganta da saurin hannun mai juya na'ura, don da hannu ake murza kyamarar. Yawancin finafinan barkwanci naɗi ɗaya ne ko biyu. Ba ka da lokacin da za ka tsaya kana bayanin wane ne wannan, ɗan gidan wa ne, me yake yi. Ba ka da murya. Rubutun allo kuma in ya yi yawa ya kashe fim, balle ma da yawa daga cikin masu cika ƙananan gidajen kallo na santi 5 a biranen Amurka baƙin haure ne daga Italiya da Rasha da Folan da sauransu, Turancinsu bai taka kara ya karya ba. Saboda haka tufafi su ne katin shaida. Doguwar hula da baƙar kwat, mai kuɗi ne. Kaki da kulki, ɗan sanda. Yagaggen takalmi, talaka. Cikin daƙiƙa biyu ɗan kallo ya gama karanta mutum. To in har a duniyar fim ɗin mutum kayan jikinsa ne, ai abu na farko da zai faɗo wa mai wayo shi ne, idan aka musanya kayan fa?

Kuma ga wani abu da ba a cika lura da shi ba. A rayuwa ta gaske murya ce take tona asiri. Ko a duhu mijinki ya yi gyaran murya kin gane shi, ko a waya ɗan'uwanka ya ce salamu alaikum ba sai ya faɗi suna ba. Fim maras magana ya cire wannan, shi ya sa kuskuren da zai zama rainin hankali a fim mai magana yake shiga a nan ba tare da ka yi gardama ba.

Bari mu koma labarin. Jirgin ƙasa ya tsaya a wani wurin shaƙatawar masu kuɗi, manya suna ta sauka da akwatuna, shi kuma ɗan gararamba ya fito daga wani lungu a ƙarƙashin tarago, har da sandunansa na wasan golf, kamar shi ma hutun ya zo. Nan ma sunan fim ɗin ya fara aiki, don marasa aikin yi kashi biyu ne, wanda ya fi ƙarfin aiki da wanda aiki ya fi ƙarfinsa, kuma dukkansu filin golf ɗaya suka nufa. Edna ta turo wa mijinta saƙo ya zo ya tare ta a tasha, shi kuma gogan ya shirya tsaf, kwat, hula, komai, ya sauko falon otal, ashe ya manta bai sa wando ba. Da ƙyar ya koma ɗaki bayan ya ɓuya a ɗan akurkin tarho. Ita kuma ta gaji.

A filin golf ne ɗan gararamba ya hango Edna ta wuce a kan doki, sai ya faɗa mafarkin ido biyu, wai dokin ya kwasa da ita a guje, shi ya bi ya cece ta, aka ɗaura aure, har ga su zaune da ɗansu. Duk cikin 'yan daƙiƙu. Soyayyar da ke fim ɗin ke nan fa gaba ɗaya daga ɓangarensa, ita ba ta ma san yana duniya ba.

Da dare aka shirya fatin ɓad-da-kama, kowa ya sa kayan da ba nasa ba. Mijin ya zaɓi sulken mayaƙan Turai na da, ƙarfe tun daga kai har ƙafa, yana ƙoƙarin kurɓar giya murfin kwalkwalin ya faɗo ya rufe fuskar, ya kuma ƙi buɗuwa. A can waje kuma ɗan sanda ya biyo ɗan gararamba a kan zargin yankan aljihun da ba shi ya yi ba, gudun tsira ya kawo shi cikin fatin. To a nan ne wasan ya yi daɗi. A ko'ina a garin nan yagaggun kayansa su ne abin da zai sa a kore shi tun daga bakin ƙofa, amma a wannan ɗaki ɗaya, a wannan dare ɗaya, yagaggun kaya ado ne. Kowa ya kalle shi sai ya ga attajirin da ya yi shigar talakawa don nishaɗi, har ma ya burge. Gaskiyarsa ce ta zame masa ɓad-da-kama. Edna ta hango shi, fuskar mijinta sak, ga shi tsaye da ƙafafunsa ba ya tangaɗi, ta kira shi ya zauna kusa da ita tana masa kallon da bai taɓa samu a wajen kowa ba. Shi kuma ya rasa gane kan abin, mafarkin da ya yi da rana ne ya zo masa da dare, tsuntsu daga sama gasasshe.

Tambayar da duk mai hankali zai yi ita ce, yanzu fisabilillahi mace ta zauna kusa da mutum ta kasa gane ba mijinta ba ne? Amsar mai sauƙi ita ce ai Chaplin ne duka biyun, fuska ɗaya ce. Amma akwai wata amsar a ƙarƙashi, wadda ni ita ce ta sa nake ganin fim ɗin ya wuce wasan yara. Ba ta gane ba ne don ba ta san mijin nata ba. Mutumin da bai zo tasha ba, wanda takardar rabuwa ba ta hana shi haɗa giya ba, me ta sani a kansa ban da fuska? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da take jira shi ne ranar da wannan fuskar za ta dube ta da kulawa, ranar ta zo, ba ta tsaya bincike ba. Kuma dubi inda Chaplin ya ajiye mijin na gaske a daidai wannan lokaci, a kulle cikin ƙarfe, ba ya iya nuna fuska, ba wanda ya san ko wane ne. Mai fuskar ba shi da suna, mai sunan ba shi da fuska.

Sulken nan kuma ba ma'ana kawai ya ɗauko ba, ya warware matsalar aiki. A 1921 an iya ɗaukar mutum ɗaya sau biyu a hoto ɗaya, a rufe rabin gilashin kyamara a ɗauka, a mayar da fim baya a rufe ɗaya rabin, amma wahala ce, kuma mutanen biyu ba za su iya cakumar juna ba. Chaplin yana so su yi dambe. To da murfin kwalkwali ya rufe, ko wa aka saka a ciki ya wadatar, shi kuma ya ci gaba da zama ɗan gararamba a fili. Irin wannan dabara ce nake so a tsofaffin nan, abu ɗaya ya ba da dariya, ya ba da ma'ana, ya kuma rage wa mai kyamara aiki. Masu kallon finafinan Indiya a cikinmu sun saba da jarumi ya fito a mutum biyu, tagwayen da aka raba tun suna jarirai, ɗaya a gidan daula ɗaya a titi, to bambancin shi ne a can ana kawo dalili, sarƙar wuya ko tabo ko tsohuwar da ta san sirri. Chaplin bai damu ya ce 'yan'uwa ne ba. Sun yi kama, shi ke nan. Kuma rashin dalilin ya fi ciwo, don yana nufin babu abin da ya raba su sai aljihu.

Shekara shida kafin nan ya taɓa irin wannan labari ta wata fuskar. A 1915, lokacin yana kamfanin Essanay, shekarar da ya fara aiki da Edna, ya yi A Jitney Elopement. Jitni ɗin nan motocin kabu-kabu ne da suka yi tashe a biranen Amurka a lokacin, santi 5 ake biya. Baban Edna zai yi mata auren dole da wani mai sarautar Turai da bai taɓa gani ba, sunansa ma Count Chloride de Lime, wato sunan hodar bilic aka laƙaba masa don tsiya. Ta jefo wa saurayinta Charlie takarda ta taga, shi kuma ya shigo gidan ya ce shi ne mai sarautar. Uban ya karɓe shi hannu bibbiyu, aka zauna cin abinci yana ta tafka abin kunya, ya yanka burodi ya zama kamar zugazugi, uban yana ta haƙuri don ai babban mutum ne. Sai na gasken ya iso, aka yi waje da Charlie, ƙarshe dai suka gudu a mota aka bi su, motar masu binsu ta faɗa ruwa.

Kun ga bambancin? A na 1915 shi ya yi ƙaryar da gangan, yarinyar ta san ko shi wane ne, uban kaɗai aka yaudara, kuma soyayya ta yi nasara. Wannan tsohon labari ne, tun kafin a ƙirƙiro kyamara ake yin sa a dandalin wasan kwaikwayo na Turai. A na 1921 bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya, hasali ma da aka gabatar da shi ga uban cewa ya yi shi fa ba su yi aure da ita ba, gaskiyar ce ma ta jawo masa duka. Wadda yake so ɗin ce ta yi kuskuren, ke nan duk kallon da ta yi masa na wani ne, aro aka ba shi. A na farko kana dariya kana fatan kar a kama shi. A na biyu kana dariya amma ka san ko an kama shi ko ba a kama shi ba babu inda abin zai je.

Buster Keaton, wani ɗan wasan barkwancin Amurka, shi ma ya yi nasa a wannan shekarar ta 1921, The Goat, inda wani fursuna da ake ɗaukar hotonsa ya kauce ya ɗana kyamarar ta ɗauki fuskar Keaton lokacin da ya leƙa ta tagar gidan yari, aka manna hotonsa a gari a matsayin ɗan ta'addan da ake nema, kuma yarinyar da ta gayyace shi cin abinci gidansu ashe babanta ne shugaban 'yan sanda. Shi Keaton na'ura ce ta yi masa sharri, hoto ya yi ƙarya. Wajen gudu da tsalle-tsalle gaskiya na Keaton ya fi, ba na ko tantama. Amma yarinyar da ke ciki kusan kyauta ce da ake ba wanda ya ci tsere.

Ba wai na Chaplin ɗin ba shi da aibu ba. Sashen golf ya yi tsawo, akwai abin dariya a ciki kamar mutumin da ke barci ƙwallo ta faɗa bakinsa, amma in ka cire rabinsa labarin ba zai ji a jikinsa ba. Ita ma Edna ba a ba ta abin yi sosai ba, ta yi fushi, ta yi murmushi, ta suma. 'Yar wasan da ta yi fim sama da 30 da shi ta cancanci fiye da haka. Wani ɓangare na dalilin kuɗi ne da kwantiragi. A 1917 ya sa hannu da kamfanin First National zai yi musu fim 8 a kan dala miliyan ɗaya, a 1919 kuma shi da 'yan wasa Mary Pickford da Douglas Fairbanks da darakta D. W. Griffith suka kafa kamfanin United Artists, amma ba zai iya fara yi wa kamfaninsa fim ba sai ya sauke bashin wancan. Ga shi a farkon 1921 ya fitar da The Kid, dogon fim da ya karɓu sosai. To komawa gajeren fim a lokacin kamar biyan bashi ne, kuma ana ɗan jin haka a wasu wurare.

Sai dai akwai abin da ya sa labarin ya zauna a hannunsa fiye da hannun kowa. Mutum biyun nan duk shi ne, ba a fim kawai ba. An haife shi a Landan a 1889, yana ɗan shekara 7 aka kai shi gidan gajiyayyu na Lambeth saboda talauci, mahaifiyarsa ta yi fama da taɓin hankali, mahaifinsa giya ce ta kashe shi a 1901. Ya fara fim a 1914 a kan dala 150 a mako, 1915 ya koma 1,250 a mako, 1916 kamfanin Mutual ya ba shi 670,000 a shekara. Cikin shekara uku ke nan. A watan da wannan fim ya fito, Satumban 1921, ya koma Landan ziyara, jama'a suka yi dafifi a tasha suna jiransa, a garin da ya taɓa kwana da yunwa. Attajiri ne da sana'arsa ita ce ya sa tsummokara, daidai abin da mutanen fatin suka ɗauka ɗan gararamba yake yi. Abin ban dariya ma, kayan nan sun fi shi suna, har wasu suka riƙa sa irinsu suna fim ana ɗauka shi ne. Akwai Billy West, akwai wani Charles Amador da ya kira kansa Charlie Aplin, sai da aka je kotu a Kalifoniya a shekarun 1920 kafin a hana shi. Mutumin da ya yi arziki da labarin an ɗauki wani a matsayin wani, ga shi a gaban alƙali yana cewa wancan ba ni ba ne.

Kuma bai saki wannan zare ba. A 1931, shekara huɗu bayan finafinai masu magana sun shigo, ya yi City Lights, har lokacin ya ƙi magana. Nan ya juya matsalar gaba ɗaya, ya kawo yarinya makauniya mai sayar da fure, wadda tufafi ba za su yaudare ta ba tunda ba ta gani. To yaya za ta ɗauke shi mai kuɗi? Ta ji ƙarar rufe ƙofar wata babbar mota a daidai inda yake. Sin ɗin haɗuwar nan sai da ya ɗauke shi sama da sau 300 kafin ya gamsu. A 1940 kuma ya sake fitowa a mutum biyu masu kama ɗaya, wanzami Bayahude da shugaban kama-karya mai kwaikwayon Hitler. Duk tushensu yana cikin ɗan fim ɗin nan na rabin awa.

Ƙarshensa kuwa ba irin wanda ake tsammani ba ne. An kwashi Edna a sume an kai ɗakin mijin, mai sulke ya ga wani kusa da matarsa ya afka masa, aka yi ta kokawa, daga baya aka gane ai wanda ke cikin ƙarfen shi ne surukin. Aka rasa yanda za a buɗe kwalkwalin, sai ɗan gararamba ya kawo abin buɗe gwangwani, kayan aikin wanda abincinsa na gwangwani ne, ya yanke murfin kamar mai buɗe kifin sadin. Fuska ta bayyana, irin tasa sak. Da hannunsa ya fito da mutumin da zai sa a kore shi. Nan take kallon kowa ya canza, kayan da ɗazu ake yabawa suka koma abin da suke tun asali, aka nuna masa ƙofa.

Edna ce kaɗai abin ya dama, aka ga ai ba a kyauta masa ba, uban ya bi shi waje ya miƙa hannu a yi sulhu. A nan wani daraktan zai sa a rungumi juna ko a cusa masa 'yan daloli a aljihu. Chaplin ya karɓi hannun, ya nuna wa ƙaton wani abu a ƙasa, yana sunkuyawa ya ɗirka masa ƙafa a gindi, ya arce.